Tikitin Jirgin Ƙasa: Tarihin Kuɗinsa da Darajarsa Daga Baro Zuwa Rigasa

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A wannan fitowa mun ga ya dace mu waiwayi wani ɗan ƙaramin abu wanda iyayenmu da kakanninmu suka sha ƙullewa a bakin zane ko su cusa a aljihun 'yar ciki, wato tikitin jirgin ƙasa. Ɗan kwali ne da bai kai tafin hannun yaro ba, an buga masa sunan tashar da za a tashi da wadda za a sauka, da lamba, da kuɗin da aka biya. Duk da ƙanƙantarsa, shi ne ya kai Bakano Ikko, ya kawo mutumin Ibadan Sabon Gari, ya kuma sauya yadda muke lissafin nisa da lokaci.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne, duk lokacin da aka ƙara kuɗin jirgi sai gardama ta tashi. Wasu su ce an zalunci talaka, wasu su ce idan ba a ƙara ba jirgin ne zai mutu. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, to amma ba kasafai ake komawa a tambayi tarihi ba, alhali kuwa jirgin nan ya haura shekara ɗari yana ratsa ƙasarmu. Tambayoyinmu uku ne: wa ya biya kuɗin hanyar tun farko, me matafiyi yake saye idan ya yanki tikiti, kuma me ke faruwa idan kuɗin tikitin ya kasa ɗaukar nauyin jirgin?

Kafin Zuwan Dogo

Sanin kowa ne cewa Bahaushe bai jira Bature ba kafin ya san doguwar tafiya. Fatake sun daɗe suna zuwa Gwanja sayen goro, suna gangarawa Ilorin da Ikko da kanwa da fatu da tufafi, wasu kuma suna bin ayarin raƙuma su ratsa Sahara zuwa Tarabulus. Ayari yana da madugu, da jagaba, da uban dawaki, kuma tafiyar Gwanja kaɗai takan ci watanni, zuwa da dawowa kuwa takan cinye rani guda.

Irin wannan tafiya ba ta da farashin da mutum zai sani tun yana gida. Akwai kuɗin fito a bakin kogi, akwai garama da gaisuwar sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, akwai cimar 'yan alaro da ta jakai a kowane zango. Kuɗin kansu ma kaya ne, domin keso guda na wuri, wato wuri 20,000, kayan mutum guda ne. A kan wannan kuma ga asarar da ba a sa ta cikin lissafi: jaki ya faɗi, goro ya lalace, 'yan fashi su tare hanya, ko ciwo ya kwantar da mutum a garin da ba shi da kowa. Ko da Turawa suka ci ƙasar Arewa, su ma sun ɗora wa ayari nasu harajin, wanda ba a soke shi ba sai a 1907. Saboda haka falken da ya bar Kano bai san abin da tafiyar za ta ci masa ba sai ranar da Allah ya dawo da shi.

Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mu riƙe. Sabon abin da tikiti ya kawo shi ne sanin farashi tun kafin a tashi, da sanin ranar isa.

Aikin Diga: Waɗanda Suka Fara Biya

An fara shimfiɗa dogo daga Ikko a 1896, ya isa Ibadan a 1901, ya kai Jebba a bakin Kwara a 1909. A Arewa kuwa, Gwamna Lugga ya daɗe yana neman a yi wa yankinsa nasa layin da ba zai dogara da Ikko ba. An amince da haka a 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne da ya yi aiki a Sudan da Afirka ta Kudu. Aka fara daga Baro, wani ɗan gari a bakin Kwara inda jiragen ruwa ke iya zuwa lokacin da ruwa ya cika, aka biyo ta Minna da Kaduna da Zariya. Tsawon layin mil 356 ne, ya iso Kano a watan Maris na 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. A wannan shekara ce aka haɗe layin Baro da na Ikko suka zama hukuma guda, shekara biyu kafin a haɗe Kudu da Arewa a 1914. Gadar Jebba kuwa sai a 1916 aka gama ta, kafin nan jirgin fito ne ke tsallakar da taragu.

Turawa sun yi alfahari da cewa layin Baro ya zo da araha ƙwarai idan aka kwatanta shi da sauran layukan da suka gina a Afirka ta Yamma. To amma ina arahar ta fito? Ta fito ne daga wuyan talakawan ƙasar Nufe da Gwari da Zazzau da Kano. Ana aika wa sarakuna da adadin mutanen da ake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, a fito da majiya ƙarfi su je su yi makonni suna haƙa da ɗaukar ƙasa a kai. Ana biyansu lada, wannan gaskiya ne, amma ba kowa ne ya je don ransa yana so ba, wasu ma gudu suke yi su bar garuruwansu. Daga kayan haƙar nan ne aka sami kalmar diga, har mutane suka riƙa lissafin shekarunsu da zamanin diga. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda aka yi aikin a zamanin sarautarsa, ya bar mana Waƙar Diga, kuma duk mai son sanin yadda mutanen lokacin suka ɗauki al'amarin ya kamata ya neme ta.

Ke nan tun kafin a sayar da tikiti ko guda, talakan ƙasar nan ya riga ya biya kashin farko na kuɗin hanyar da guminsa da harajinsa. Wannan magana tana da nauyi a duk gardamar da za a yi kan farashi.

Ɗan Kwali da Kuɗin Bature

Shi kansa tikitin baƙo ne daga Ingila. Wani ma'aikacin tasha mai suna Thomas Edmondson ne ya ƙirƙiro shi wajen ƙarshen shekarun 1830, bayan ya ga yadda rubuta wa kowane fasinja takarda da hannu ke ɓata lokaci, yake kuma ba akawu damar cin kuɗi. Dabararsa ita ce a buga tikitocin tun da wuri da lambobi bi da bi, a jera su a akwati, idan an sayar a buga kwanan wata da ɗan inji. Da yamma sai a duba lambar farko da ta ƙarshe, a san adadin da aka sayar da kuɗin da ya kamata a tarar a aljihun tebur. Wato tun asali an yi tikiti ne don a tsare fasinja, a kuma tsare akawu.

Haka kuma tun a Ingila aka fara gardamar talaka da kuɗin jirgi. A 1844 majalisar ƙasar ta yi doka ta tilasta wa kamfanonin reluwe su riƙa fitar da aƙalla jirgi guda kowace rana wanda kuɗinsa ba zai wuce kwabo ɗaya a kan kowane mil ba, kuma taragunsa su kasance da rufi da wurin zama. Dalili kuwa shi ne kamfanonin sun fi son masu kuɗi, suna loda talakawa a taragu marasa rufi. Ashe ko a ƙasar da aka haifi jirgin, sai da hukuma ta sa baki kafin marar ƙarfi ya sami wurin zama.

Wannan tsari ne aka kawo mana: kuɗi gwargwadon nisan mil, da kuma aji uku. Akwai faskila, wadda a farkon zamani kusan ta Turawa ce da manyan ma'aikata, akwai sikinkila ta akawuna da attajirai, sannan aji na uku na gama-gari mai bencin katako, inda ake cakuɗe da mutane da ƙunshin kaya da kaji. Ma'aikatan gwamnati da sojoji da ɗaliban makarantun gwamnati kuwa sau da yawa waranti ake ba su, wato takardar da gwamnati ke biya a madadinsu.

Wani abin lura shi ne, tagar sayar da tikiti ba ta karɓar wuri. Sai kuɗin Bature: anini, da ɗari, da kwabo, da taro, da sisi, da sule, da fam. Leburorin diga da tsabar ƙarfe aka biya su, haraji ma da ita aka koma karɓa, ga kuma jirgi ya zo yana neman ta. Waɗannan abubuwa uku sun taru sun taimaka wajen kashe kuɗin wuri a kasuwanninmu. Mutumin da yake son ya hau jirgi dole ya sayar da wani abu ga mai biya da sule, kuma abin da ya fi saurin kawo sule a ƙasar Kano shi ne gyaɗa.

Abin da Tikiti Ya Saya

Masu masaƙun Lankasha a Ingila sun goyi bayan gina layin Kano ne da fatan samun auduga. Manoman Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma ana iya cin ta idan shekara ta yi wuya. Attajiran da suka gaji fataucin goro suka shiga ƙauyuka suna saye. A 1913 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ta kai wajen tan 19,000, ninkin ba ninkin abin da aka saba fitarwa kafin zuwan jirgi, har reluwe ta rasa taragun kwashewa, buhuna suka taru a tashar Kano. Dalar gyaɗa da muke alfahari da ita a hotuna, wadda ake danganta farkonta da Alhaji Alhassan Ɗantata, wani ɓangare na dalilin tsayuwarta shi ne gyaɗar tana jiran jirgi.

Ga matafiyi kuwa, tafiyar Kano zuwa Ikko mai nisan mil 700, wato kimanin kilomita 1,126, wadda a da take cin makonni a ƙafa, ta koma ta 'yan kwanaki ƙalilan. Goro ba ya son jinkiri, saboda haka da jirgi ya samu sai cinikinsa ya karkata daga hanyar Gwanja ya koma ta Ikko, daga baya kuma manoman ƙasar Yarabawa suka dasa nasu. Shanu suka riƙa gangarawa Kudu a tarago maimakon su rame a hanya. Unguwannin Hausawa irin su Sabo ta Ibadan da zangon Agege suka bunƙasa a gefen dogo, kamar yadda Sabon Garin Kano da na Zariya suka cika da mutanen Kudu. Kaduna ma albarkacin jirgi ta ci aka mai da ita hedikwatar Arewa a 1917 a maimakon Zungeru.

Layin ya ci gaba da yin rassa. An ja ƙaramin dogo daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, aka gama a 1914, aka rufe shi a 1957. Layin Gabas ya tashi daga Fatakwal ya kai Inugu a 1916 saboda kwal, daga baya ya haɗu da na Arewa, aka gama gadar Makurɗi a 1932. Reshen Ƙauran Namoda ya samu a 1929, na Nguru a 1930. Idan muka duba da kyau za mu ga kowane reshe wani kaya yake bi: gyaɗa, ko auduga, ko kuza, ko kwal, ko fata. Ba don fasinja aka shimfiɗa dogon ba. Kaya ne ke kawo mafi yawan kuɗin shiga, fasinja kuwa ya raɓu ne da kaya ya sami araha.

Ba alheri kaɗai jirgin ya ɗauka ba. A 1953, bayan saɓanin da aka yi a majalisar Ikko kan ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa sun sha ihu da zagi a Ikko da tashoshin da suka ratsa a hanyarsu ta komawa gida, abin da ya ƙara dagula zumuncin siyasar lokacin. A 1966 kuma, jiragen da suka kawo mutanen Gabas neman abinci su ne suka kwashe su cikin firgici da baƙin ciki. Tarihin tikiti bai cika ba idan aka tsallake waɗannan.

Zamanin Hukuma da Faɗuwar Jirgi

Ma'aikatan reluwe su ne ƙashin bayan babban yajin aikin 1945, wanda Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa, suka yi sama da kwana arba'in suna neman ƙarin albashi saboda tsadar rayuwa bayan yaƙi. Wannan ya tuna wa kowa cewa a cikin kuɗin tikiti akwai abincin direba da gadi da mai zuba kwal da leburan da ke gyaran hanya.

A 1955, lokacin da Abubakar Tafawa Ɓalewa yake Ministan Sufuri, aka mai da reluwe daga sashen gwamnati zuwa hukuma mai cin gashin kanta, da nufin ta riƙa tafiyar da kanta kamar kamfani. A 1958 Bankin Duniya ya ba Nijeriya bashinsa na farko, dala miliyan 28, akasari don jan dogo daga Kuru ta Bauchi da Gombe zuwa Maiduguri, aka gama a 1964. A wannan shekara jirgin ya ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Shekara goma bayan haka, a 1974, fasinja sun koma miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuma tan miliyan 1 da kaɗan.

Me ya faru? Dalilan suna da yawa, kuma suna ɗaure da juna. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya lalata layin Gabas. Fari da cutar gyaɗa a shekarun 1970 suka rushe dalar Kano, kwal da kuza suka ja baya, wato kayan da ke ɗauke da nauyin fasinja suka ɓace. Kuɗin man fetur ya shigo, aka zuba shi a kan tituna, aka kuma sayar da man da araha, sai manyan motoci da bas-bas suka kwashe kaya da mutane. Ko dakon man kansa bututu ya karɓe. Ga shi kuma dogon ƙarami ne, faɗinsa ƙafa uku da rabi, mai yawan kwana da hawa, wanda Bature ya shimfiɗa don ya rage kashe kuɗi, ba zai bari jirgi ya yi gudu ba.

A nan ne matsalar farashi ta fito fili. Hukumar ba ta da ikon ƙara kuɗin tikiti yadda take so sai da yardar gwamnati, gwamnati kuwa tana tsoron fushin jama'a. Kayan gyara daga waje ake sayo su, kuma kullum tsada suke ƙarawa. Idan da gwamnati tana cike giɓin a kan lokaci da babu laifi, to amma ba ta yi. Sai aka fara jinkirta gyara. Rashin gyara ya kawo lalacewar inji a daji da makara ta yini guda ko biyu. Makara ta kori duk mai halin shiga mota, aka bar jirgi da waɗanda ba su da zaɓi, da masu hawa rufin tarago ba tikiti. Kuɗin shiga ya ƙara raguwa, gyara ya ƙara gagara.

An yi ƙoƙarin ceto. Daga 1979 zuwa 1982 an ɗauko ƙwararru daga Indiya suka riƙe hukumar, abubuwa suka ɗan farfaɗo, har fasinja suka kai wajen miliyan 15 a 1984. Amma gyaran bai ɗore ba. A 1995 gwamnatin Janar Abacha ta ba wani kamfanin ƙasar Sin kwangilar gyara, duk da haka a 2003 fasinjan da jirgin ya ɗauka ba su kai miliyan 2 ba. Tikitin yana nan da araharsa a rubuce, jirgin ne babu. Bahaushe ya ce araha ba ta ado, mu kuwa mun ga arahar da ba ta kai mutum ko'ina.

Dawowar Jirgi da Sabon Farashi

A watan Disamba na 2012 aka sake buɗe zirga-zirga tsakanin Ikko da Kano bayan an gyara tsohon dogon. Tikitin gama-gari bai kai naira 2,000 ba, wato ƙasa da naira 2 a kan kowace kilomita, abin da ya gaza kuɗin mota nesa ba kusa ba. Sai dai tafiyar takan haura awa 30. Mai kaya da yawa da mai ƙaramin ƙarfi sun yi murna, mai sauri kuwa bai waiwaye shi ba. Wannan ya nuna mana cewa matafiyi da abu biyu yake biya, da kuɗinsa da lokacinsa, kuma kowa yana ba da wanda ya fi yawa a hannunsa.

A watan Yuli na 2016 aka buɗe sabon dogo mai faɗi tsakanin Idu a Abuja da Rigasa a Kaduna, kilomita 186, wanda aka gina da taimakon bashin dala miliyan 500 daga wani bankin gwamnatin Sin. An fara sayar da tikitin gama-gari a kan naira 600, na manya naira 900. Ba a daɗe ba masu satar mutane suka addabi titin Abuja zuwa Kaduna, sai ga manyan ma'aikata da 'yan siyasa da hafsoshi sun ajiye motocinsu suna layi a tasha. Kujeru ba su ƙaru ba, masu nema sun ninka. Abin da ya biyo baya kowa ya san shi: tikiti ya riƙa ƙarewa a taga, ya ɓullo a hannun 'yan bayan fage da ninkin kuɗinsa. Ke nan farashin gaskiya ya tashi, amma ribar ba ta shiga asusun jirgi ba. Don magance haka ne aka koma sayar da tikiti ta intanet a watan Janairu na 2021. Matsalar da Edmondson ya yi wa magani da ɗan kwali ita ce ta dawo, aka nemi maganinta da waya.

A 2020, lokacin annobar korona, an rage yawan fasinja a tarago, aka kai tikitin gama-gari naira 3,000. Sannan ranar 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka dasa bam a kan dogon suka buɗe wa jirgin wuta, suka kashe aƙalla mutum 8, suka tafi da sama da 60, waɗanda na ƙarshensu ba su kuɓuta ba sai a watan Oktoba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mutanen nan aminci suka je saye da tikitinsu. Da jirgin ya dawo aiki a watan Disamba na wannan shekara, tikitin gama-gari ya koma naira 3,600.

Daga 600 zuwa 3,600 ninki shida ne cikin shekara shida, kuma mai albashi yana da gaskiya idan ya yi kuka. To amma mu tuna cewa bashin da dala aka ci shi, kayan gyara da dala ake sayensu, tikiti kuwa da naira ake sayar da shi, naira kuma ta yi ta faɗuwa. A ɗaya gefen, mun ga gwamnati ta ba da hawa kyauta a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara, kamar a 2021 da 2023. Kyauta tana da daɗi, amma man da jirgin ya sha a kwanakin nan wani ne ya biya, kuma wannan wanin shi ne mai biyan haraji, har da na ƙauyen da bai taɓa jin kukan jirgi ba.

Abin da Tarihi Ya Koya Mana

Na farko, ba a taɓa yin lokacin da kuɗin tikitin fasinja kaɗai ya gina dogo ya kuma riƙe shi a ƙasar nan ba. Da gumin 'yan diga aka fara, gyaɗa da kuza suka ɗauka, bashi da kuɗin mai suka karɓa. Saboda haka duk wanda ya ce fasinja ya biya komai, bai karanta tarihi ba. Sabbin layukan da aka ƙaddamar da aikinsu a 2021, na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, idan ba a sama musu kayan dako ba, nauyinsu zai faɗo ne a kan fasinja ko a kan baitulmali.

Na biyu, riƙe farashi a ƙasa ba tare da cike giɓin ba yaudarar talaka ce. Shi ne aka bari a tasha lokacin da jirgin ya mutu, mai kuɗi ya hau mota ko jirgin sama. Idan za a yi rangwame, to a faɗi adadinsa a fili, a sa shi cikin kasafi, a biya shi a kan kari.

Na uku, talaka yana da haƙƙi na musamman a kan wannan hanya, domin kakanninsa ne suka haƙa ta, harajinsa ne kuma zai biya bashinta. Hikimar dokar 1844 tana nan da amfaninta: mai son sanyi da kujera mai laushi ya biya da tsada, a bar wa marar ƙarfi tarago mai tsabta da farashin da zai iya.

Na huɗu, darajar tikiti tana ga cika alkawari. Alkawarin kuwa shi ne a tashi a kan lokaci, a sami wurin zama, a sauka lafiya. Ranar da aka rasa waɗannan, ko kwabo aka karɓa an yi tsada.

Kammalawa

Daga ƙarshe muna kira ga 'yan uwa marubuta, musamman masu tasowa. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna, garin da dogon Baro da na Ikko suka haɗu, ya gina labarinsa na Malam Iliya, wanda ya fito a 1960, a kan haɗuwar da aka yi cikin jirgin ƙasa. Mu kuwa da jirgin ya ratsa tsakiyar ƙasarmu, littattafanmu sun cika da motoci da filayen jirgin sama, ba kasafai muke leƙa tasha ba. Har yanzu akwai tsofaffin direbobi da gadi da akawunan tasha a Zariya da Kafanchan da Minna da Nguru. Akwai tsofaffin 'yan goro da 'yan shanu da suka san nawa suka biya zuwa Ikko a zamanin sule da bayan shigowar naira a 1973, akwai iyayenmu mata da suka yi tallar abinci a bakin taga. Mu je mu zauna da su da alƙalami da takarda, mu tambaye su nawa, da yaushe, da kwana nawa, mu rubuta yadda suka faɗa. Wanda ya tarar da tsohon tikiti a akwatin kakansa ya adana shi, domin shaida ce ta tarihi. Idan muka yi sakaci mutanen nan suka wuce, lissafin zai wuce tare da su.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa mu dace, amin.